Challenger R/T mai inji 5.7: kamshaf, heda ko sufacaja, wanne zan sa gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Dodge Challenger R/T ƙirar 2016, inji 5.7, otomatik mai giya takwas, ta yi tafiyar mil 70,000 da ɗoriya. Daga Amurka aka kawo ta, kuma ta zo da gyare-gyarenta: an cire akwatin iska an sa buɗaɗɗen filta, an canza salansa daga tsakiya zuwa baya, an kuma yi wa ƙwaƙwalwarta saitin fetur mai lamba 93. A Abuja nake, nakan je Kaduna da Kano da ita. Da safe tana da kuzari, amma da rana sai ta yi nauyi. Idan kuma na taka totur daga tsaye, ƙafa ɗaya ce ke juyawa tana hayaƙi. Abokaina sun rabu uku: wasu na cewa kamshaf, wasu heda, wasu sufacaja. Kuɗin da na ware zai isa babban aiki ɗaya ko ƙanana biyu zuwa uku. Me zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Cikin ukun nan, wato kamshaf (sandar da ke buɗe bawul ɗin inji), heda (bututun fitar da hayaƙi daga silinda) da sufacaja (na'urar hura iska cikin inji), babu wanda zan ce ka saya yanzu. Abubuwa biyun da ka ambata, nauyin da take yi da rana da ƙafa ɗaya da ke hayaƙi, sun nuna cewa ko ƙarfin da motar ke da shi a yau ba duka ke kaiwa ƙasa ba. Wani sashe ƙwaƙwalwa ce ke janye shi don ta kare fistin, wani kuma yana tafiya a hayaƙin taya. Ka ƙara doki hamsin a kan wannan hali, asara ce kawai za ta ƙaru.

Mu fara da mai, domin shi ne ke yanke hukunci a kan duk sauran. Lambar 93 da aka yi saitin da ita ta oktan ce, wato ma'aunin juriyar fetur ga matsi, kuma lissafin Amurka ce. Can suna haɗa ma'auni biyu, RON da MON, su raba biyu, abin da ya fito shi suke rubutawa a jikin famfo. Sauran ƙasashe da yawa, har da mu, da RON kaɗai ake aiki. Saboda haka 93 na Amurka ya yi daidai da kusan 98 a RON, 91 nasu wajen 95 ne, 87 nasu kuwa, wanda shi ne mafi araha a can, shi ne wajen 91 a RON. Fetur ɗin gidajen manmu iri ɗaya ne, ba a rubuta lambarsa a famfo, kuma abin da ya dace ka ɗauka shi ne a matakin 87 ɗin Amurka yake, wata rana ma ya gaza hakan idan an samu gauraye. Dodge da kanta 89 ta ba da shawara ga wannan injin mai giya otomatik, ta ce 87 ma zai yi. Ka ga ko da saitin kamfani a bakin iyaka kake, balle da saitin da aka ƙara wa taimin, wato lokacin kunna wutar falogi, don man da ya fi naka da lamba shida.

Abin da ke faruwa a cikin silinda shi ne: matsin injin nan 10.5 ne a kan 1. Falogi ya kunna wuta, wutar na tafiya, sai ragowar mai da iskan da ke gefe su fashe da kansu saboda zafi da matsi kafin wutar ta iso gare su. Wannan fashewar ita ce ƙwanƙwasa. Injin na da sensa biyu a jikin bulo masu sauraron ta, da zarar sun ji, ƙwaƙwalwa ta ja taimin baya. Kowane digiri da aka ja, ƙarfi ya ragu. Da safe iska na da sanyi, ƙwanƙwasar kaɗan ce. Ƙarfe biyu na rana a watan Maris ko Afrilu, bayan ka tsaya a cunkoso da AC a kunne, iskar da buɗaɗɗen filtan nan ke zuƙa daga ƙarƙashin bonet na iya haura digiri 60. Nauyin da kake ji ke nan. Sensa kuma sai an ƙwanƙwasa take ji, wato duk lokacin da ta ja taimin, fistin ya riga ya sha bugu.

Kada ka tsaya a zato, ka auna. Na'urorin da aka fi amfani da su a kan Hemi, wato irin injin nan naka, su ne na DiabloSport da na HP Tuners, kuma dukansu suna ɗaukar bayanan inji yayin tafiya. Ka zaɓi waɗannan: juyin inji, taimin, jan taimin na ɗan lokaci, jan taimin mai ɗorewa, zafin iskar shiga, zafin ruwa, matsin cikin manifol, da gyaran mai na ɓangarorin inji biyu. Ka samu wuri killatacce ko miƙaƙƙiyar hanya da babu kowa, ka sa giya a hannu, ka tsaya a giya ta uku, ka taka totur har ƙasa daga juyi 2,500 zuwa 5,800. Da tayoyin kamfani wannan zai kai ka kusan kilomita 120 a awa. A giya ta huɗu sai ka wuce 150 kafin ka gama, don haka ta uku ta wadatar. Ka yi sau ɗaya da sassafe, sau ɗaya da tsakar rana, da mai iri ɗaya a tanki.

Wajen karanta sakamakon, digiri ɗaya ko biyu na jan ɗan lokaci da ke bayyana daidai lokacin canjin giya ba abin tashin hankali ba ne. Idan ka ga digiri huɗu, biyar, shida yana hawa tare da juyin inji, ko ka ga jan mai ɗorewa ya tashi daga sifili, ƙwanƙwasa ce ta gaske, ka daina taka ta da ƙarfi har a sauya saiti. Sensar Hemi dai tana da saurin firgita: salansa da ke taɓa bodi, ko ƙarfen kare zafi da ya saki, na iya sa ta ja taimin ba dalili. Hanyar bambancewa ita ce, idan an rage taimin digiri uku jan ya ragu, na gaske ne. Idan bai motsa ba, ka shiga ƙarƙashin mota ka nemi abin da ke kaɗawa.

Daga nan sai saiti. Tun daga ƙirar 2015 Chrysler ta kulle ƙwaƙwalwar injinan nan, sai an buɗe ta ko an sauya da buɗaɗɗiya kafin a rubuta mata komai. Tunda taka ta zo da saiti, an riga an yi wannan. Abin tambaya shi ne ko 'yar na'urar hannun da aka yi saitin da ita ta biyo motar, domin tana ɗaure ne da lambar shasi, kuma a cikinta ainihin saitin kamfani yake ajiye. Ka duba aljihun gaba da but. Idan tana nan, yau ɗin nan ka mayar da motar kan saitin kamfani ko na 87. Idan babu, ka sayi taka, ka nemi ƙwararren mai saitin Hemi da ke aiki ta intanet: ka tura masa bayanan da ka ɗauka, ya turo fayil, ka sake ɗauka, ya gyara, har abu ya zauna. Ka faɗa masa ƙarara cewa manka 87 ne kuma zafin garinku na haura digiri 40. Sensar salansa ta kamfani ba ta iya faɗin gaskiyar cakuɗar mai idan totur na ƙasa, don haka ka sa sensa mai faɗin zango guda ɗaya. Abin da ake nema a cikakken totur shi ne iska kashi 12.5 zuwa 12.8 a kan mai kashi ɗaya. Ka kuma biya a yi wa ƙwaƙwalwar giya nata saitin. A wannan motar, gyaran lokacin canjin giya da saurinsa na daga cikin abubuwan da direba ya fi ji a jikinsa.

Kwalaben ƙarin oktan da ake sayarwa a shagunan kayan mota kuwa, ka karanta jikinsu da kyau. Wanda ya ce yana ƙara maki bakwai, yawanci 0.7 yake nufi, domin maki goma ne lamba ɗaya. Masu ƙarfin cikinsu suna ɗauke da sinadarin manganis, wanda ke barin jan ƙura a kan falogi da sensa da indomi. Ba abin da za a gina saitin kullum a kansa ba ne.

Buɗaɗɗen filtan nan, ra'ayina ka cire shi. Laifinsa biyu: yana shan iska mai zafi, kuma idan irin na auduga ne da ake shafa wa mai, yana barin ƙura mai laushi ta wuce fiye da na takarda. A lokacin hunturu, hanyar Kano kaɗai ta isa ta nuna maka. Ka cire bututun, ka shafa farin ƙyalle a cikinsa bayan filta, idan ya fito da ja-ja, wannan ƙurar ringi da silinda take ci. Mafita mai sauƙi ita ce akwatin iska na Challenger samfurin Hellcat, wanda ke da bututu da ke ɗebo iska ta ramin fitilar gaba ta ɓangaren direba. Yana shiga Challenger ta 2015 zuwa sama, ka sa masa busasshen filta. Ka haɗa da gwangwanin tare tururin mai a kan bututun numfashin inji, domin Hemi na tura tururin baƙin mai cikin manifol, shi kuma yana rage wa fetur juriya.

Tamostat na kamfani a digiri 95 yake buɗewa. Ana sa na digiri 82, amma ba shi da amfani sai an sauko da lokacin tashin fanka a cikin saiti, in ba haka ba a cunkoso zafin zai koma inda yake. Kada ka yarda a cire shi gaba ɗaya a haɗa fanka kai tsaye kamar yadda aka saba yi wa motocin Baljiyam. Injin da ba ya kai zafin aikinsa yana shan mai, yana wanke silinda, baƙin mai kuma ya tara ruwa. Ruwan lagireto na wannan ƙirar nau'in OAT ne, kuma idan aka gauraya shi da wani nau'in yakan yi kauri ya toshe hanyoyi. Idan ba ka san abin da ke ciki ba, a zubar, a wanke, a zuba sabo rabi da rabi da tataccen ruwa. Ka kuma wanke tsakanin lagireto da kwandensan AC, nan ƙura da ciyayi ke taruwa.

Kafin ka sayi wani ƙarfe, a duba lafiyar injin. A auna matsin silinda takwas ɗin da inji a ɗumi, kada bambancin mafi girma da mafi ƙanƙanta ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Falogi goma sha shida ne, biyu a kowace silinda, tazarar bakinsu milimita 1.1. Ka jera su bisa tsari ka duba farin ainun: ɗige-ɗige baƙi kamar barkono, ko 'yan ƙyalli na alminiyom, shaidar ƙwanƙwasa ce da ta daɗe. Matsin famfon mai ya tsaya wajen psi 58, kada ya faɗi a cikakken totur. Baƙin mai 5W-20 ne, lita 6.6. Kada a zuba mata 20W-50 da sunan ƙasarmu da zafi. Tsarin MDS, wanda ke kashe silinda 1, 4, 6 da 7 idan ana tafiya a hankali, da matsin mai yake aiki, haka ma na'urar juya kamshaf, kuma mai mai kauri na iya kunna lambar P1521.

Sai ka saurari ƙarar "tik-tik" da Hemi ta yi suna a kanta, domin iri biyu ce kuma nisan kuɗinsu da yawa. Wadda ake ji da sanyin safiya ta ɓace bayan 'yan mintuna, yawanci kusoshin manifol ɗin salansa ne suka karye, galibi na can baya, za ka ga baƙin hayaƙi a wurin. Wadda ke nan bayan inji ya yi zafi, tana bin juyin inji, musamman idan ta zo da lambar tsallen wuta a silinda ɗaya, tafet ne. Tafet shi ne ƙarfen da ke hawa kan kamshaf yana tura bawul. Ƙananan allurai da ke cikin tayarsa sun lalace, tayar ta daina juyawa, tana kankare kamshaf. Ka sa a yanka tsohon filtan mai a buɗe takardar a rana. Idan akwai ƙyallin ƙarfe, tsarin kasafinka ya canza, kamshaf ya dawo na farko, ba don ƙarin ƙarfi ba, don dole. Barin mota a kunne awa da awanni a tsaye saboda AC na cikin abubuwan da makanikan Hemi ke ɗora wa laifin wannan cuta.

Giyarka 8HP70 ce, ƙirar ZF, an yi ta don ɗaukar ƙarfin murɗa har Nm 700, injinka kuwa kusan 540 yake bayarwa. Tana da sauran wuri. A wannan tafiyar da ta yi, a canza mata mai da farantin ƙasa, domin filta a jikin farantin yake. Man ZF Lifeguard 8 ko na Mopar na giya takwas kaɗai za a zuba. Ba ta da sandar awo, ta ramin gefe ake cikawa, inji na aiki, mota a daidai, man na tsakanin digiri 30 da 50.

Yanzu ƙafa ɗaya mai hayaƙi. Yawancin R/T masu otomatik da buɗaɗɗen bak-aksul suka fito, mai rabon 3.07. Irinsa yana tura ƙarfi ne daidai da abin da ƙafar da ta fi rauni za ta iya riƙewa, da ɗaya ta zame, shi ke nan. Don ka tabbatar, a ɗaga ƙafafun baya biyu, a sa giya a firi, a juya ɗaya da hannu. Idan ɗayar ta juya baya ko ta tsaya cik, buɗaɗɗe ne. Idan ta bi ta, mai riƙe ƙafa biyu ne, sai dai faifansa sun cinye. Magani shi ne bak-aksul mai riƙe ƙafa biyu na Scat Pack (Challenger mai inji 6.4) mai otomatik, rabonsa 3.09, kusan ɗaya da naka, ƙwaƙwalwa ba za ta yi ƙorafi ba. Kafin ka biya, ka gwada lambobin shaf ɗin ƙafafu da bakin furofela da na motarka. Mansa 75W-85 ne mai sinadarin faifai, idan aka zuba wanda ba shi da shi, zai riƙa gurnani a kwana. A ganina wannan ne ƙarfe na farko da ya cancanci kuɗinka.

Za a ce maka ka ɗauki 3.70 ko 3.90 tunda ka buɗe wurin. Shawarar ta samo asali ne daga zamanin giya biyar, wadda giyarta ta farko 3.59 ce. Taka ta farko 4.71 ce. Ka ninka da 3.07, ka samu kusan 14.5, alhali tsohuwar da rabon 3.06 wajen 11 take bayarwa. Da 3.90 za ka kai 18.4, giyar farko ta zama ta ƙona taya kawai. A hanya kuma, a kilomita 120 cikin giya ta takwas, yanzu injinka na juyi kusan 1,800, da 3.90 zai koma kusan 2,300, ga ƙarin shan mai har Kano. Kuma dole a rubuta sabon rabon a ƙwaƙwalwa, in ba haka ba giyar ta rikice ta maƙale. Sai in ka sa babban kamshaf ne 3.70 zai yi ma'ana.

Tayar kamfani 245/45R20 ce a kan rim mai faɗin inci 8, ta yi wa mota mai nauyin kusan kilo 1,900 kaɗan. Ka koma 275/40R20. Tsayinsu ɗaya ne, milimita 728, don haka agogon gudu da ABS ba za su ji canji ba. Amma tana son rim mai inci 9 ko 9.5. Idan aka matsa ta a kan inci 8, cikinta ya kumbura, gefen bai taɓa ƙasa sosai, ka biya kuɗin faɗin da ba ka samu ba. Ramukan rim ɗin Dodge 5x115 ne. Na Toyota da Honda 5x114.3 ne, zai shiga kamar ya yi daidai, amma yana lanƙwasa kusoshi a hankali, kada ka karɓa. Ka duba lambobi huɗun ƙarshe na DOT a gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta wuce shekara biyar ko shida ta bushe ko da zanenta na nan, wadda ke da hoton dutse da ƙanƙara kuwa ta sanyin Turai ce, kwaltarmu za ta narkar da ita. Iska kuma, abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba za ka bi, ba 45 ko 50 da mai faci zai ɗura ba.

Birki ba ya ƙara doki, shi ya sa ake tsallake shi. Amma zafin da birki ke sha yana ninkuwa ne da murabba'in gudu: tsayawa daga kilomita 140 a awa kusan ninki biyu ne na tsayawa daga 100. Man birkin kamfani DOT 3 ne, yana shan danshi, kuma tsohonsa na iya tafasa a wajen digiri 140, feda ta nutse. A zuƙe shi duka a sa DOT 4 mai kyau, lita ɗaya ta isa, a maimaita duk shekara biyu. Banda DOT 5, na silikon ne, ba ya haɗuwa da wannan tsarin. Ka sa fad masu jure zafi, a auna kaurin faifai. Birkin Brembo mai fistin huɗu na Scat Pack yana shiga idan aka haɗo shi da sauran kayansa, amma ga mai tuƙin titi wannan na iya jira. Sauke mota ƙasa kuwa ka manta da shi, tudun rage gudu da ramuka ba za su bar ka ba. Ka dai duba bushin ƙafafun gaba, suna saurin tsagewa a wannan shasin, sannan a yi alaimen na ƙafa huɗu, musamman idan motar ta taɓa haɗari kafin a kawo ta.

Bayan wannan duka sai a zo ga heda. Manifol ɗin salansa na 5.7 guntun ƙarfen zubi ne mai matse hayaƙi, kuma shi ne babbar ƙofar da ta rage a toshe, domin salansar baya da aka canza maka sauti ta fi bayarwa. Doguwar heda mai bututun inci 1 da 7/8, tare da saitinta, takan ba da doki 20 zuwa 30 a taya. Kana kuma rabuwa da matsalar karyewar kusoshi. Abin lura: tana rataye ƙasa fiye da ta kamfani, tana buƙatar ƙarin wayar sensa, kuma tana gasa sitata da wayoyin da ke kusa idan ba a naɗe su ba. Ka ɗauki ta bakin ƙarfe mara tsatsa nau'in 304, ka yi amfani da gasket na kamfani mai faifai da yawa, a sake ɗaure kusoshi bayan ta yi zafi ta huce sau biyu ko uku. Ka zaɓi mai indomi, warin hayaƙi a cunkoso ba daɗi. Idan tudun unguwarku masu tsayi ne, gajeriyar heda ta injin 6.4 tare da bututunta na tsakiya tana shiga, ƙarinta bai kai na doguwar ba, amma ba ta taɓa ƙasa.

Kamshaf shi ne ke canza halin injin da gaske. Na kamfani yana kai ƙololuwa a juyi 5,200, inda yake ba da doki 372, daga nan numfashi ya fara ƙarewa. Matsakaicin kamshaf tare da heda da saiti na iya ƙara doki 50 ko fiye a taya. Sai dai a Hemi ba a fitar da tafet sai an sauke tof biyun, wato kawunan silinda, don haka aikin babba ne, kuma kuɗin kamshaf ɗin kansa ƙaramin sashe ne na lissafi. Za ka buƙaci tafet goma sha shida marasa MDS, na Mopar na asali, da murafu huɗu na toshe ramukan MDS, sifirin bawul da suka dace da tsayin ɗagawar, sandunan tura bawul, abin taƙaita juyawar kamshaf, gasket na tof biyu, sababbin kusoshin tof domin na kamfani sau ɗaya ake ɗaure su, sarƙar taimin, da famfon baƙin mai. Ba a fafe gora ranar tafiya: kada a kwance ko kusa ɗaya sai komai ya iso hannunka an ƙirga, in ba haka ba motar za ta yi wata biyu a gareji da inji a buɗe ƙura na shiga, ana jiran wani ɗan ƙarfe daga Amurka.

Wajen zaɓe, ka dubi tsawon buɗewar bawul ɗin shiga a ma'aunin inci 0.050. Digiri 212 zuwa 220 zai zauna lafiya da kwambatan giya (mahaɗin inji da giyar otomatik) na kamfani da AC a cunkoso. Da ka haura wajen 224, motar za ta riƙa turawa a tsaye tana neman mutuwa, ƙarfin ƙasa ya ragu, sai ka sake sayen kwambata mai sakin juyi. Sautin "gudu-gudu" da ake so daga nan yake fitowa, kuma tsadarsa ke nan. Abubuwan da ke kashe inji a wannan aikin sanannu ne. Ba a sa abin taƙaita juyawa ba, kamshaf ya juya ya wuce iyaka, bawul ya gaisa da fistin. An bar tsohon sifirin, ya karye, bawul ya faɗa cikin silinda. An sa sandunan turawa ba tare da auna tsayinsu ba, ko an musanya na shiga da na fita, alhali tsayinsu ba ɗaya ba ne. A auna tazarar bawul da fistin da yumɓun awo: aƙalla milimita 2 a na shiga, 2.5 a na fita. Idan bakanikenka ba shi da sifanar auna ƙarfin ɗauri da ma'aunin kusurwa, ba shi ne mai wannan aikin ba, komai ƙwarewarsa a Toyota.

Sufacaja kuwa ka cire shi daga lissafi muddin fetur ɗin famfo za ka sha. Kit ɗin Whipple, ProCharger, Magnuson da Edelbrock na 5.7 suna hura wajen psi 6 zuwa 8, kuma mafi ƙarancin man da ake rubuta musu saiti da shi 91 ne na Amurka. Fistin ɗin 5.7 na zubi ne, gaɓar da ke saman ringin farko siririya ce, tazarar bakin ringi kuma matsattsiya. Zafi ya ƙaru, ringi ya kumbura, bakunansa su haɗu, ba shi da wurin zuwa sai ya ɓalle gefen fistin. Wannan na iya faruwa a taka ɗaya da tankin mai mara kyau. Fesa ruwa da metanol yana taimakawa, amma ranar da famfonsa ya tsaya ko tankinsa ya ƙare kana cikin gudu, injin ne zai biya. Yin sa yadda ya kamata na nufin fistin na ƙira, rage matsi, buɗe tazarar ringi, manyan nozul da famfon mai, wato sabon inji. Wanda ke son ƙarfi irin wannan gara ya sayar ya nemi Scat Pack mai doki 485, wadda ta zo da Brembo da bak-aksul ɗin da muka ambata, ko da yake ita ma matsinta 10.9 ne kuma 91 take nema, sai an yi mata saitin da ya dace da manmu.

Da kuɗin da ka ware, ga yadda zan raba: na'urar saiti da sensa mai faɗin zango da kuɗin mai saiti, akwatin iska da tamostat da mayuka, sai bak-aksul, tayoyi da rim, man birki da fad. Idan da saura, heda. Kamshaf ya jira zagaye na gaba, sai fa in filtan mai ya nuna ƙarfe. Ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda kana aunawa da 'yar na'urar GPS irin Dragy: daga tsaye zuwa 100 don ganin riƙon taya, daga 60 zuwa 120 a giya ta uku don ganin ƙarfin inji. R/T lafiyayya tana kai 100 cikin daƙiƙa biyar da 'yan kai. Ka auna a wuri ɗaya, lokaci ɗaya na yini, da mai daidai gwargwado a tanki, ka rubuta zafin iskar shiga kusa da kowane sakamako. Kada kuma ka gwada sakamakon Abuja da na Jos, domin injin da ba shi da sufacaja yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, Jos kuwa ta fi Abuja tudu da mita ɗari bakwai ko fiye.